Gaba Da Gabanta, Ƙwayar Cuta Ma Tana Da Mai Cin Ta

Duk wanda ya ke zaune a ƙasar Haɗeja ya san abin da ke biyo bayan ruwa. In kogi ya kawo cikin Agusta da Satumba, ya malale fadamu tun daga Ringim har Auyo da Guri da Kirikasamma, kamar yadda ya yi a 2020 da 2022, ba shinkafa da gero kaɗai ya ke ci ba. Ya kan shiga masai ya kwaso ƙazanta ya zuba a rijiyoyi. Kafin ruwa ya janye amai da gudawa sun shigo gari, zazzaɓin taifot ya biyo baya, dabbobin da suka kwana cikin laka kuma su kama zawo da ciwon ƙafa. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, fiye da dubu 3 suka riga mu gidan gaskiya, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

To, in ciwo ya zo, abin da talaka ya saba shi ne ya tafi kemis ko wurin mai tallar magani ran kasuwa, ya sayi kafso mai ja da ɗorawa guda biyu ko huɗu, gwargwadon kuɗinsa. In ya ji sauƙi sai ya daina sha, ya ajiye saura. In akuya ta yi zawo a fasa mata guda a ruwa, in kaji sun fara gyangyaɗi su ma a fasa musu. Sa'an nan a zauna a ƙofar gida ana cewa maganin yanzu ba shi da ƙarfi irin na da. Lalle akwai jabun magani a kasuwa, amma babban dalili shi ne ƙwayoyin cutar ne suka saba da maganin.

Yadda Magani Ya Ke Lalacewa

Manomi ba ya bukatar dogon bayani a nan, gama ya san kacalla. In an sare ta sama-sama ba a cire saiwa ba, wadda ta tsira ita ce za ta cika fadama baɗi. Haka ƙwayoyin cuta su ke, watau waɗannan ƙananan halittu da likitoci ke kira bakteriya. In an sha magani rabi da rabi, raunanan su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, 'ya'yansu kuma su gaji taurin kan. Bature Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Ingila a 1928, shi da kansa ya yi wannan gargaɗi a 1945, tun maganin yana sabo.

Ba a ji gargaɗin ba. A 2022 masana na jami'o'in Oxford da Washington suka fid da lissafi cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Da aka auna bisa yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a kan gaba, wajen mutum 27 cikin kowace dubu 100. Wannan ya sa likitocin duniya suka koma suna tono wani tsohon magani da aka yar tun fiye da shekara 70. Ya kamata mutanen bakin kogi su ji labarinsa, domin cikin ruwa irin nasu a ke samo shi.

Maci-Ƙwaya

Hausawa sun ce gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Ashe ita ƙwayar cuta, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, tana da nata mai cin ta, wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Masana suna kiransa bakteriyofej, ma'anarsa maci-ƙwaya. Dangin birus ne, amma ba ya kama mutum, ba ya kama dabba ko shuka, ƙwayar cuta kurum ya ke nema. Ba a ga kamanninsa ba sai a 1940, da aka ƙera wani madubi mai aiki da lantarki a Jamus. Da yawa daga cikinsu suna da kai da wutsiya, kamar talibamban.

Ga yadda ya ke aiki. In ya sami ƙwayar da ta dace da shi sai ya manne a jikinta da wutsiya, ya huda ta, ya zuba irinsa a ciki. Daga nan ƙwayar ta bar aikin kanta ta shiga ƙera 'ya'yansa. Cikin wajen rabin sa'a sai ta fashe, 'ya'ya ɗari ko fiye su fito, kowane ya nemi wata ƙwayar. Watau magani ne mai haihuwa: muddin cutar tana nan yana ƙaruwa, in ta ƙare shi ma ya ƙare. Masana sun ƙiyasta cewa maciya-ƙwaya sun riɓa ƙwayoyin cuta kamar sau goma a duniya. Suna cikin kogi da kududdufi da kwata da turken shanu da akurkin kaji, har cikin hanjin mutum.

Bambancinsa da kafso babba ne. Kafso kamar wutar daji ya ke, ya ƙone ciyawa ya haɗa da shuka, gama cikin hanjin mutum da tumbin saniya akwai ƙwayoyi masu amfani da ke taimakon narkar da abinci, su ma ya kan kashe su. Maci-ƙwaya kuwa kowane da abincinsa. Wanda ke cin ƙwayar kwalara ba ya taɓa ta taifot, kai, ko cikin ƙwayar cuta iri guda ma ya kan ci wani dangi ya bar wani. Wannan ne amfaninsa, shi ne kuma wahalarsa, kamar yadda za a gani nan gaba.

Daga Fara Da Kaji Aka Faro

A 1896 wani masanin Ingila, Ernest Hankin, yana aiki a Agra ta ƙasar Indiya, ya ba da labari cewa ruwan kogin Ganga da na Jamuna yana kashe ƙwayar kwalara ko bayan an tace shi, amma in an tafasa ba ya kashewa. Har yanzu masana suna gardama a kan abin da ya gani. A 1915 Frederick Twort ya ga alamar wani abu mai narkar da ƙwayoyin cuta a London. Amma wanda ya kama abin da hannu biyu shi ne Felix d'Herelle, mai aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, wanda ya bayyana shi a 1917, ya kuma raɗa masa suna.

Abin da zai ba manomi sha'awa shi ne, shi wannan mutum daga aikin gona ya fito. Tun 1910 yana ƙasar Meziko yana yaƙi da fara, yana neman cutar da zai saka mata ta mutu. Da ya gano maci-ƙwaya kuma, kaji ya fara yi wa magani. A 1919 taifot na kaji ya faɗa wa garkunan Faransa, ya samo maci-ƙwaya daga kashin kajin da suka warke, ya ba saura, mutuwa ta ragu. A shekarar nan kuma ya ba yara masu atuni a wani asibitin yara na Paris, bayan shi da likitocin wurin sun fara sha da kansu don a tabbata ba ya cutarwa. A 1920 ya tafi ƙasar da yanzu a ke kira Biyetnam, ya yi aiki a kan wata annobar bajimai na noman shinkafa. A 1927 yana Indiya, inda har cikin rijiyoyin ƙauyuka aka riƙa zuba maci-ƙwaya lokacin kwalara.

To, me ya sa aka yar da shi? Dalili na fari, a zamanin nan ba a san ainihin ko mene ne shi ba. Kamfanoni suka riƙa sayar da kwalabe barkatai, wasu ba su dace da cutar ba, wasu ma abin da ke ciki ya riga ya mutu. Na biyu, cikin Yaƙin Duniya na Biyu aka fara yin fenisilin da yawa, ga araha, ga shi allura guda tana maganin cututtuka iri-iri ba sai an tsaya bincike ba. Sai Turawan Yamma suka juya wa maci-ƙwaya baya. Amma a Tibilisi ta ƙasar Jojiya, cibiyar da George Eliava ya kafa a 1923 ba ta daina ba. An kashe shi Eliava a 1937 zamanin mulkin Stalin, cibiyar kuwa tana nan har yau da sunansa, mutane suna zuwa daga ƙasashe don neman magani. A birnin Wroclaw na ƙasar Folan ma akwai irinta.

Komowarsa

A ƙarshen 2015 wani malamin jami'a Ba'amurke, Tom Patterson, ya kamu da ciwo yana yawon buɗe ido a Masar. Aka kai shi asibitin jami'a a San Diego, aka tarar ƙwayar da ke cikinsa ba ta jin ko wane irin magani da a ke da shi. Ya yi makonni bai san inda ya ke ba. Matarsa Steffanie Strathdee, wadda masaniyar annoba ce, ta roƙi masu bincike na wata jami'a a Texas da na sojan ruwan Amurka, suka tattaro maciya-ƙwaya da suka dace da cutarsa, wasu daga ruwan kwata aka samo su. Aka tsarkake su aka sa masa a jijiya cikin Maris 2016, cikin 'yan kwanaki ya farfaɗo, daga baya ya koma gida. A 2019 kuma aka ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 15 a London wadda aka taimaka da irin wannan magani. Tun 2018 ƙasar Beljiyam ta yi doka ta yarda masu haɗa magani na asibiti su haɗa maci-ƙwaya don majinyaci guda bisa umurnin likita.

Wajen noma ma an ci gaba. A 2005 hukumar Amurka ta yarda a fesa maci-ƙwaya a gonakin tumatir da tattasai don maganin cutar ɗigo-ɗigon ganye, wadda ƙwayar cuta ke kawowa. Da yamma a ke fesawa, domin hasken rana yana kashe shi. A 2006 aka yarda a yayyafa wani iri a kan nama don kada ya ɗauki cuta. A Nairobi ta ƙasar Kenya cibiyar binciken dabbobi ta ILRI ta tattara maciya-ƙwaya daga gidajen kaji na can, don maganin ƙwayar salmonela. Mai lambun attaruhu a bakin kogin Haɗeja, da mai kiwon kaji, da mai tafkin kifi, kowa ya ga inda zancen ya shafe shi.

Akwai kuma wani bincike da ya dace da ƙasar fadama ƙwarai. A Daka ta ƙasar Bangaladash, inda ambaliya da kwalara ke zuwa kowace shekara, masana suka auna ruwa shekaru a jere, suka bayyana a 2005 cewa in annoba ta yi ƙarfi maciya-ƙwayar kwalara su kan yawaita cikin ruwa, da yawaitarsu kuma sai annobar ta fara lafawa. Ambaliya kuwa ta kan tsinka ruwan ta rage su, ƙwayar kwalara ta sami sarari.

Kada A Yi Saurin Murna

Amma fa a yi hankali. Wani zai ji wannan labari ya ce, ashe ruwan kogi magani ne, a daina wahalar tafasawa. Wanda ya yi haka ya jawo wa gidansa mutuwa. Ruwan da ke ɗauke da maci-ƙwaya shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, gama inda abincinsa ya ke can a ke samunsa. Har wa yau ba duka ne na kirki ba. Akwai masu shiga ƙwaya su kwanta ba su fasa ta ba, su ƙara mata mugunta. A 1996 masana a Amurka suka gano cewa dafin nan da ke sa mai kwalara zubar da ruwa har ya mutu, wani irin maci-ƙwaya ne ya ba ƙwayar kwalara shi. Sai an tace, an rarrabe, an bincika irin kowane, an wanke shi daga dafin ƙwayoyin da ya fasa, kana ya zama magani.

Sa'an nan ba kullum ya ke ci ba. Wajen 1970 an gwada shi a kan masu kwalara a Daka, aka ga bai kai tetarasaikilin ba. Tsakanin 2015 da 2017 an gwada shi a kan masu ƙuna a asibitocin Faransa da Beljiyam, bai yi abin da aka zata ba, domin ƙarfinsa ya ragu cikin kwalba kafin a kai ga majinyata. Ƙwayar cuta kuma ta kan saba da shi kamar yadda ta ke sabawa da kafso, shi ya sa a ke haɗa iri uku ko huɗu, a riƙa sakewa. Labarin mutum guda da ya warke abin farin ciki ne, amma sai an gwada a kan san na ƙwarai, manyan gwaje-gwaje kuwa har yanzu ana cikin yin su.

Kuma ba ya maganin abin da ba ƙwayar bakteriya ce ta kawo shi ba. Ba ya taɓa zazzaɓin sauro, ba ya taɓa ciwon hanta na shanun fadama, wanda tsutsa ce ke kawowa, ba ya taɓa boru, ba ya taɓa tsutsar nan da ta cinye tumatir a Kano da Jigawa da Kaduna a 2016. In wata rana aka ga mai lasifika a kasuwar Haɗeja ko Malam Madori yana ɗaga kwalba yana cewa maci-ƙwaya ne mai maganin cuta casa'in da tara, a san maƙaryaci ne, a kai ƙararsa ga hukumar NAFDAC.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Aiki biyu ne, ɗaya na hukuma da masana, ɗaya na kowa da kowa.

Na masana shi ne su fara farauta a gida. An riga an faɗi cewa kowane maci-ƙwaya da abincinsa, saboda haka kwalbar da aka haɗa don cutar Jojiya ko Amurka ba lalle ta ci ta Kafin Hausa ba. Mai cin ƙwayar cutar ƙasar Haɗeja, a ruwan ƙasar Haɗeja ya fi kyau a neme shi. Farkon aikin ba shi da tsada. A ɗebo ruwa, a tace da matacin da ke tare ƙwayoyin cuta, a ɗiga a faranti da aka shuka ƙwayar da a ke so a kashe, a bar shi ya kwana. In da safe an ga wuraren da suka washe kamar an ɗiga ruwa a kan ƙura, to, an samu. Tun 2017 aka fara koya wa masanan Afirka wannan aiki a Jami'ar Makerere ta Yuganda. Ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Kwalejin Binyaminu Usman a cikin garin Haɗeja, kogi yana bakin ƙofarsu. Ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924. Ya kamata gwamnatin jiha ta ware kuɗi a haɗa waɗannan, a tara ƙwayoyin cutar da suka gagara daga asibitoci da gidajen kaji, a nemo masu cin su, a ajiye kamar yadda manomi ke ajiye iri a rumbu. A fara da kaji da kifi da kayan lambu, inda gwaji ya fi sauƙi, asara kuma ba ta rai ba ce.

Wani zai ce, jihar da ba ta gama ba ƙauyuka ruwa mai tsabta ba, ina ita ina wannan bincike? Maganarsa tana da ƙarfi, rijiyar burtsatse da masai mai kyau su ne a gaba, kada a taɓa kuɗinsu. Amma abin da a ke nema a nan bai wuce ɗaki guda da firji da wutar rana da 'yan ɗalibai ba. Wanda bai ajiye nasa iri ba kuwa, ran shuka sai ya saya yadda mai shi ya ga dama. Makiyaya ba su manta da bushiya ba, wadda ta riƙa share garke. Allurar da aka bi rugage ana yi tun 1962 ita ta karya ta, har a 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya. Aikin masana ne da haƙurin makiyaya suka yi wannan.

Na kowa da kowa shi ne a tsare maganin da ke hannu, kada a saki reshe a kama ganye. Ko inda a ke amfani da maci-ƙwaya, galibi tare da maganin asibiti a ke ba da shi. Saboda haka mutum kada ya sha kafso sai malamin asibiti ya rubuta, in ya rubuta kuma a sha yadda ya ce har kwanakin su cika. Mura ba ta bukatar kafso. Makiyayi ya kira malamin dabbobi ya duba kafin a yi allura, ya kuma jira kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin ya sayar da nono ko ya yanka, domin sauran maganin yana bin nono da nama ya shiga cikin yara. Mai kaji ya daina zuba magani a ruwansu kullum don su yi ƙiba. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana wannan tun 2006. Ɗan kasuwa mai sayar da magani ya ji tsoron Allah ya daina yanka kati yana sayar da biyu-biyu, gama ƙwayar da ya koya wa taurin kai ba za ta tsallake gidansa ba. Malamai da akawuna masu karatu su karanta wa maƙwabta abin da ke jikin kwali.

In ruwa ya kawo bana, a tafasa na sha ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a wanke hannu da sabulu, a nisanta masai da rijiya. In amai da gudawa sun kama mutum, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita guda ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba shi ana tafiya asibiti, kada a jira gari ya waye. Rashin ruwa a jiki shi ke kashe mai kwalara.

Maci-ƙwaya yana nan cikin kogin Haɗeja tun kafin a gina Tiga a 1974, tun kafin kakanni su kafa garin. Nemo shi da gyara shi aikin shekaru ne. Kafin nan, kafson da ke kasuwa amana ne a hannun mai sha da mai sayarwa da mai kiwo. Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare jama'a da dukiyoyinsu daga annoba, amin.